Yadda Ake Zaɓen Keken Daji Mara Nauyi Mai Shokozoba Gaba da Baya, Don Tsere da Yawo a Ƙasar Katsina

Wata Asabar da hantsi ƙanena ya turo wani keke har ƙofar gida, fuskarsa cike da fara'a. Sabo fil, fenti na sheƙi, ga wani ƙaton sifirin ja a tsakiya kamar na babur. Ya ce, "Yaya, na samo irin na 'yan tsere." Na ɗauko sikelin rataye na ɗaga shi, allura ta tsaya kusa da kilo 19. Na danna sirdi, sifirin ya nutse ya dawo da ƙarfi, ya yi ta rawa kafin ya tsaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san watannin da yaron ya yi yana tara kuɗin. Ba na so wani ya sake faɗawa wannan rami, shi ya sa na zauna na rubuta matakan da nake bi in zan zaɓi keken daji mai shokozoba biyu wanda zai yi tsere, ya kuma jure hanyoyinmu.

Wasan keken daji ba daɗaɗɗe ba ne. A shekarun 1970 wasu matasa a jihar Kalifoniya ta Amurka suka fara gangarowa daga duwatsu a kan tsofaffin kekuna, a 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper ga kasuwa, a 1996 kuma tseren keken daji ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Kekunan da ake ƙerawa yau an yi su ne da tunanin ƙasar Turai da Amurka, inda akwai laka da saiwoyi da sanyi. Mu kuwa namu rairayi ne, da ƙaya, da ƙurar hunturu, da zafin bazara da ke wuce maki 40. Duk zaɓin da za ka yi, ka yi shi da wannan a ranka.

Mataki na farko: ka san ƙasar da za ka bi

Kafin ka tambayi kuɗin keke, zauna ka lissafa hanyoyin da kake bi a mako. In mafi yawan tafiyarka kwalta ce, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Batagarawa ka dawo, ko ka miƙe hanyar Mashi zuwa Daura, shokozoban baya ba zai ƙara maka komai ba sai nauyi da kuɗin gyara. Haka nan in jigawa ce zalla. A cikin rairayi mai zurfi faɗin taya da ƙarancin iska ne ke cetonka, shokozoba ba ruwansa. Inda yake aiki shi ne kan gargadar burji, da fako mai tsakuwa, da kwazazzaban da ruwan damina ya yanka, da burtalin da kofaton shanu ya bushe a kansa, da kan duwatsu irin na wajen Dutsin-Ma. A irin waɗannan wurare tayar baya tana manne da ƙasa maimakon ta yi ta tsalle, kana zaune kana taka feda inda mai keke mara shokozoban baya ya miƙe tsaye, kuma bayan awa uku ƙugunka bai ƙage ba.

Zan faɗi gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: in kuɗinka bai kai na mai shokozoba biyu na ƙwarai ba, sayi mai na gaba kaɗai na ƙwarai. Sabon keke mai biyu daga sanannun kamfanoni yakan fara ne daga wajen dala 2,000, na 'yan gasa kuwa ya wuce dala 10,000. Mu a nan gwanjo ne hanyarmu, kuma shi ma mai kyau ba ya araha.

Mataki na biyu: zurfin nutsewar shokozoba

Kowane shokozoba yana da iyakar nisan da yake nutsewa, ana auna shi da milimita. Keken tseren ƙetare daji yana da 100 zuwa 120. Na yawon duwatsu 130 zuwa 150. Na gangarowa daga manyan tsaunuka 160 zuwa sama. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu da gangaren da zai cinye milimita 160, don haka ɗaukar irin wannan keke jidar kilo biyu ko uku ne a banza. Ni abin da nake ba kowa shawara shi ne 120 a gaba, 100 zuwa 120 a baya. Da shi za ka shiga tsere, da shi za ka hau dutse ka sauko hankali kwance. Manyan 'yan gasa ma nan suka dosa. Nino Schurter na Suwizalan, wanda ya ci zinare a Olamfik na Rio a 2016 kuma ya lashe kambun duniya sau 10, a shekarunsa na ƙarshe a gasa Scott Spark mai 120 ya riƙa hawa. Sunayen da za ka riƙe in kana dubawa: Scott Spark, Specialized Epic, Giant Anthem, Trek Top Fuel, Canyon Lux, Orbea Oiz, Santa Cruz Blur, Cannondale Scalpel.

Mataki na uku: rarrabe na gaske da na ado

Nan ne aka fi cutar mutane, don suna a jikin firam sitika ce kawai, kowa na iya mannawa. Shokozoban gaske na keken tsere da iska yake aiki. Ka duba saman ƙafar hagu ta fok, wato shokozoban gaba mai riƙe da wili, akwai murfi, in ka kwance za ka ga bawul irin na tayar mota. Na baya ma gwangwani ne siriri mai bawul a gefe. Sannan akwai wani ɗan maɓalli, galibi ja, wanda ke saita saurin dawowar shokozoba bayan ya nutse. Murɗa shi zuwa ƙarshe ɗaya ka danna, ka murɗa zuwa ɗaya ƙarshen ka sake dannawa. Dole ka ji bambanci: sau ɗaya ya dawo a sanyaye, sau ɗaya ya dawo da sauri. In babu bambanci, ko dai man cikinsa ya tafi ko kuma dama can na ado ne. Akwai kuma wani maɓallin, galibi shuɗi, ko ɗan hannu a kan sitiyari, na kulle shokozoba in ka hau kwalta. Kulle shi ka danna, ya kamata ya yi tauri.

Kamfanonin da za ka gani a kan na gaske su ne Fox, RockShox, Manitou, da SR Suntour. Ko a cikinsu akwai daraja hawa-hawa. A RockShox, SID ne na tsere, Reba na biye, Recon da Judy na masu farawa. A SR Suntour, XCT da XCM masu sifirin ne masu nauyi, ba su dace da keken tsere ba.

Sauran alamomin gaske: birkin faifai mai aiki da mai maimakon waya, sandar ƙarfe mai kauri da ake zurawa ta tsakiyar wili a ɗaure a jikin firam, da lambar keke da ke ƙarƙashin firam wajen kiranki. Ɗauki hoton lambar, ka kuma buɗe shafin kamfanin a wayarka ka kwatanta siffar firam ɗin da hoton samfurin da aka ce shi ne.

Mataki na huɗu: girman keke

Keken da bai dace da tsawonka ba, ko kyauta aka ba ka wahala ce. A taƙaice, mai tsawon santimita 155 zuwa 168 yakan hau S, 168 zuwa 178 M, 178 zuwa 188 L, amma kowane kamfani yana da jadawalinsa, duba nasu. Tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, ya zama akwai rata tsakaninka da sandar sama. Hau ka kama sitiyari: gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa, kada ka zama kana miƙa kamar mai ɗauko abu a kan shelfi, kada kuma gwiwar ƙafarka ta kusa taɓa sitiyari. Kada mai sayarwa ya ce maka "ai sai a ɗaga sirdi". Ɗaga sirdi ba ya ƙara tsawon firam.

Wili kuwa, ɗauki mai inci 29. Ya fi haye ramuka da tsakuwa, ya fi riƙe gudu, kuma ya fi yawo a kan rairayi. Gajeren mutum zai iya ɗaukar 27.5. Masu inci 26 tsofaffin yayi ne, tayarsu na da sauƙin samu a kasuwanninmu, amma shokozobansu yawanci ya haura shekara goma.

Mataki na biyar: maganar nauyi

Je da sikelinka. Irin na rataye da masu sayen hatsi ke amfani da shi ya isa. Nauyin da kamfani ke rubutawa ba ya haɗawa da feda, kuma galibi na ƙaramin firam ne ko matsakaici. Keken tsere na kabon mai shokozoba biyu yakan kai kilo 10 zuwa 12. Na alminiyam 13 zuwa 14 da ɗoriya. Duk abin da ya haura 15 ba keken tsere ba ne.

Amma inda nauyin yake ya fi jimillarsa muhimmanci. Giram 300 a bakin wili da taya ya fi giram 300 a firam gajiyarwa, domin shi kake juyawa duk lokacin da ka taso daga tsayuwa ko ka fito daga rairayi. Shi ya sa firam na alminiyam mai wili nagari ya fi mini firam na kabon mai wili na banza. Ga kuma wani dalili: kabon in dutse ya fasa shi, ba mai walda a Katsina ko Daura da zai taɓa maka shi, don ba ƙarfe ba ne, zare ne da aka haɗa da danƙo. Alminiyam yakan lotsa ya ci gaba da aiki. Shi ma dai in ya tsage kada ka yarda da walda, domin bayan walda a masana'anta sai an gasa firam ɗin da wani zafi na musamman kafin ƙarfinsa ya dawo, wanda aka yi a bakin titi kuwa wurin zai sake ɓallewa, watakila kana tsakiyar gangara.

Wani abu da nake dagewa a kai: firam ɗin ya ɗauki gorar ruwa biyu. Wasu kekunan shokozoban baya ya cinye wurin, gora ɗaya kawai ke shiga. A watan Afrilu gora ɗaya ba ta kai ka awa guda, sai ka koma goya jaka, bayanka ya jiƙe sharkaf, kuma nauyin da ka biya kuɗi don ka rage ya dawo kan kafaɗarka.

A taya ma kada ka bi mafi rashin nauyi. Tayar tsere mai siririn gefe, ƙayar aduwa ko ta bagaruwa za ta huda ta kamar takarda. Nemi mai faɗin inci 2.3 zuwa 2.4, mai ƙarfafaffen gefe, mai ƙananan haƙora. Kuma tabbatar wilin irin wanda ake hawa ba tare da tib ba ne. A irin wannan ana zuba wani farin ruwa mai danƙo a cikin tayar, duk ƙayar da ta shiga sai ruwan ya toshe hujin kana cikin tafiya. Na taɓa dawowa daga wajen Ajiwa na zauna a zaure na cire tsidau fiye da goma daga tayar gaba, iskar ba ta ragu ba. Da tib ne da na wuni wurin mai faci. Sai dai zafinmu yana busar da ruwan da wuri, ka riƙa girgiza wilin kusa da kunne duk wata biyu, in ba ka ji motsin ruwa ba ka ƙara.

Mataki na shida: wa zai gyara maka?

Wannan tambaya ce da ya kamata ta kashe ciniki da yawa. Wasu kekunan suna da kayan da kamfaninsu kaɗai ke yi. Tsofaffin Specialized Epic suna da wata na'ura a baya mai suna Brain wadda ke kulle shokozoba da kanta, gyaranta sai masu kayan aiki na musamman, kuma kamfanin da kansa ya cire ta a Epic 8 da ya fito a 2024. Cannondale na da fok mai ƙafa ɗaya, Lefty, wanda wilinsa daban ne. Trek Supercaliber shokozoban bayansa a cikin firam yake, ba ya musanyuwa da wani. Duk kekuna ne masu kyau, amma in abu ya lalace a nan, keken zai yi watanni a jingine. Zaɓi mai shokozoba gama-gari na Fox ko RockShox, wanda za a iya yo odar robobinsa da mansa, ko a sauya shi ɗungurungum.

A giya, yayin yanzu faranti ɗaya ne a gaba, 12 a baya. Shimano na da Deore, SLX, XT, XTR daga ƙasa zuwa sama, SRAM na da SX, NX, GX zuwa sama. Deore ko SLX sun wadatar, bambancinsu da XTR 'yan ɗaruruwan giram ne, kuma ƙura ba ta san tsada ba, duk ɗaya take cin sarƙa. Giya mai batir ka bar ta tukuna, mai waya kowane mai gyaran keke zai iya sauya maka.

Birki yana da tarko guda. Na Shimano man ma'adinai (mineral oil) yake sha, mafi yawan tsofaffin na SRAM kuma man birki irin na mota, wanda ake kira DOT. Ba a haɗa su. Na ga wani dattijo mai gyara, mutumin kirki, ya ɗauko man birkin mota zai zuba wa Shimano. Na ce, "Baba, a yi haƙuri a dakata, wannan ba ya shan irin wannan." Da ya zuba, da robobin ciki sun kumbura, birkin ya tashi aiki. Karanta abin da aka rubuta a murfin kafin kowa ya buɗe.

Mataki na bakwai: duba na gwanjo

Je da rana, da tsumma da tocila, kuma kada ka yi gaggawa ko da dillali na cewa wani na tafe da kuɗi. Goge firam ɗin tsaf. Duba wuyan keke, da wajen kiranki, da kewayen duk wata mahaɗa. A alminiyam tsaga takan fito kamar siririn gashi a gefen walda. A kabon ka ƙwanƙwasa da tsabar kuɗi ko ɗan makulli a hankali: wuri mai lafiya yana ba da ƙara mai kaifi, wurin da ya fashe a ciki yana ba da matacciyar ƙara. Duk inda ka ga sitika a wurin da ba a saba mannawa ba, ka nemi izini a ɗaga.

Sai mahaɗan baya, inda boris suke. Tsaya a gefe, sa hannu ƙarƙashin sirdi ka ɗan ɗaga kaɗan ka saki, sau da yawa. In ka ji "ƙwas-ƙwas", boris ko bushin sun ci. Kama tayar baya ka girgiza hagu da dama, kada ta yi wasa. Boris ana samun sauyi, yawancinsu suna da lamba a jiki, don haka wannan dalilin ragi ne kawai. Abin da ke hana saye shi ne ƙarzuwa a sandunan fok masu sheƙi da ke shiga da fita. Bi su da farce. In farcenka ya maƙale a wani wuri, ko launin ya koɗe ya yi fari, wurin zai riƙa yanka roba, mai ya zube, ƙura ta shiga, kuma sauya wannan ɓangare ya kusa kuɗin wani fok ɗin. Danshin mai kaɗan ba laifi, mai yana gangarowa kuwa alama ce ta an daɗe ba a kula ba.

Juya kowane wili ka ga ko yana lilo. Dubi haƙoran faranti, in sun yi tsini sun karkata, sarƙa da farantan baya duk sai an sauya, ka sa wannan cikin lissafi. Ka kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar keken, da shaida, don irin waɗannan kekuna ana sace su.

Mataki na takwas: saita shi da nauyinka, sannan ka gwada

Ba za ka san keke ba sai an saita iskar shokozoba daidai da jikinka. Ana buƙatar ɗan famfo na musamman mai kaiwa awo 300 a ma'aunin iska na PSI, famfon taya ko injin mai faci ba ya yi. Sa shi cikin kuɗin keke tun farko. A jikin sandar shokozoba akwai zoben roba. Buɗe makullin shokozoba, wani ya riƙe maka keken, ka hau da kayan da kake sawa da ruwanka, ka ɗan girgiza, ka tura zoben ya manne da gwangwani, sannan ka sauka a hankali ba tare da dannawa ba. Auna nisan da zoben ya matsa. A baya ana son kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tsawon tafiyar sandar: in milimita 45 ce, wajen 11 zuwa 13 ke nan. A gaba kashi 15 zuwa 20: fok mai 120 ya nutse 18 zuwa 24. Ya wuce haka, ƙara iska. Bai kai ba, rage. Ka bar keken ya kwana ka sake aunawa in mai shi ya yarda, don shokozoba mai yoyo da safe ake gane shi.

Iskar taya kuma ba irin ta keken Rali ba ce da ake bugawa sai ta yi kamar dutse. Mai nauyin kilo 70 zai fara da wajen PSI 22 a gaba, 25 a baya, ya rage kaɗan in rairayi ya yi yawa.

Sannan ka fita da shi kan burji, ba kan kwalta kaɗai ba. Miƙe tsaye ka taka da ƙarfi, ka ji ko baya na nutsewa yana shanye ƙarfinka. Sauka daga gefen kwalbati. Ja kowane birki da yatsa ɗaya. Bi giya daga farko har ƙarshe kana hawa tudu. Kasa kunne, keke mai lafiya ƙarar tayarsa kawai ake ji.

Bayan ka kai shi gida

Ƙura ce za ta fara gwada shi. Duk dawowa ka goge sandunan shokozoba da tsumma mai tsabta, kada ka shafa musu giris, yashi yake kamawa. Kada ka kai shi wurin wankin mota a harba masa ruwa mai ƙarfi, yana tura ƙasa cikin boris, bokiti da soso sun isa. Sarƙa a sa mata busasshen man keke a goge ragowar, ban da baƙin mai. RockShox na cewa a sauya man ƙafafun fok duk bayan awa 50 na hawa, a lokacin hunturu ni ba na bari ya kai haka. Ajiye keken a inuwa, rana na cin roba da ruwan taya.

Hular kwano da safar hannu ka saye su rana ɗaya da keken. Kuma kafin ka shiga kowace sabuwar hanya ta daji, musamman yammacin jihar, ka tambayi mutanen yankin halin tsaro, ku fita ku biyu ko uku, a gida a san inda kuka nufa da lokacin da za ku dawo. Fitar farko ka yi ta gajera, ka tafi da ɗan famfon shokozoba a aljihu, in ka dawo ka dubi zoben roba: in bai kusa ƙarshen sanda ba bayan ka bi gargada da kwazazzabai, rage iska kaɗan kafin fita ta biyu.